Bututun tagulla ya ci kuɗinsa: sharhi kan kayan ƙera 'yar mashingar ƙofar jirgi mai saukar ungulu

Ƙunshin da nake magana a kansa irin wanda ake oda ta intanet ne, ya biyo ta Kano kafin ya iso Damagaram. A ciki akwai fallayen farar roba da ake kira sitirin masu kaurin milimita 0.25, 0.5 da 1, da 'yan sandunan roba, da bututun tagulla iri huɗu (masu kaurin milimita 0.4, 0.6, 0.8 da 1.0) kowanne tsawonsa wajen santimita 30, sai kwalbar gam mai ruwa-ruwa ta mililita 40. Aikin da na gwada shi da shi ita ce M60D, bindiga mai jigida da Amurkawa suka riƙa ɗorawa a ƙofar jirgin UH-1 lokacin yaƙin Biyetnam, tare da mazauninta da ake kira M23, a ma'aunin 1/35. Abin ado ne da bai kai ɗan yatsa ba, ba ya harba komai.

Kafin reza ta taɓa roba, sai an yi lissafi. M60 ta sojan ƙasa tsawonta milimita 1,105 ne, hancinta 560. In aka raba da 35, bindigar gaba ɗaya ta dawo milimita 31.6, hancin kuma 16. Ita M60D ba ta da gindin da ake dafawa a kafaɗa, marikai biyu ne a bayanta da da'irar saiti a sama, don haka sai a ɗauki hancin a matsayin ma'auni, a auna sauran sassan daga hoton da aka ɗauka ta gefe sak. Hoton da aka ɗauka a karkace yana gajarta gangar jiki, kuma ba a gane kuskuren sai an ajiye bindigar kusa da ɗan mutum-mutumin soja. Hotuna kuwa na intanet sun wadatar. Kada tsautsayi ya kai kowa bakin bariki da waya a hannu wai yana neman misali.

Bututun nan su ne dalilin sayen ƙunshin. An yi su yadda kowanne ke zurawa cikin na gaba da shi ba sako-sako: 0.4 cikin 0.6, 0.6 cikin 0.8, haka har 1.0. Hancin bindiga na 0.6 ya dace da ido. A gindinsa, inda na gaske ya fi kauri, sai a zura guntun 0.8 mai tsawon milimita 4; a baki kuma wani guntun 0.8 na milimita 2.5 ya tsaya a matsayin abin rage walƙiyar wuta. Bututun iskar da ke kwance ƙarƙashin hanci shi ma 0.6 ne, amma ya fi gajarta. Ramin 0.6 ɗin ya kai 0.4, alhali harsashin 7.62 in aka raba da 35 bai wuce 0.22 ba. A lissafi ya yi faɗi, amma a ido shi ne daidai, don ramin 0.22 fenti ɗaya zai toshe shi.

Wajen yanka ne mutane ke ɓarna. In aka sa almakashi ko filaya, bakin bututun ya lotse ke nan, kuma ba ya dawowa. A kwantar da shi kan gilashi ko tayil, a ɗora sabuwar reza a kai, a riƙa mirgina shi gaba da baya ba tare da dannawa ba. Bayan mirgine takwas zuwa goma zai rabu da kansa. A zura siririyar waya a ciki tun kafin a fara, saboda dalili biyu: tana hana shi lotsewa, kuma tana riƙe guntun kada ya yi tsalle. Guntun milimita 2 in ya faɗa kan tabarma, sai dai a yi masa addu'a.

Wani zai ce allurar sirinji ta farmasi ai bututu ce, kuma kusan kyauta. Gaskiya ne, har launin gindinta yana faɗin kaurinta: koriya 0.8, shuɗiya 0.6, ruwan lemo 0.5. In hanci guda ake so a miƙe, sabuwar allura ta isa. Amma ƙarfenta mai tauri ne, reza ba ta cin sa, sai an ƙarce da magagari an karya, dalma ba ta kama shi da sauƙi, kuma in an lanƙwasa sai ya ɓalle ko ya toshe. Ga mazaunin bindiga, inda kusan komai lanƙwasa ne da haɗi, allura ba ta da amfani.

A mazaunin ne aka san bambancin tagulla da roba. M23 ƙafafu ne na bututu da ke fitowa daga gefen jirgi, da turke a tsaye wanda bindiga ke juyawa a kansa, da akwatin harsashi a ƙasa. Na gwada turken da sandar roba ta milimita 1, na kuma gwada da bututun 1.0. Na roba yana da sauƙin haɗawa, amma a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Zinder ke haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya ishe shi ya fara sunkuyawa a hankali ƙarƙashin nauyin bindigar. Na tagulla ko gezau. Kuma da yake 0.8 na shiga cikin 1.0, in aka maƙala guntun 0.8 a ƙasan bindiga aka bar shi ba gam, za ta riƙa juyawa hagu da dama, a kuma cire ta lokacin fenti. Kafin a lanƙwasa ƙafafu, a gasa wurin a harshen kyandir har launinsa ya sauya, a bar shi ya huce, a zura waya a ciki, sannan a naɗe shi jikin ƙusa. In ba a gasa ba, gwiwar za ta karye maimakon ta zagaya.

Haɗin tagulla da tagulla dalma ya fi, irin siririyar nan ta masu gyaran waya, da ɗan man liƙi. Sufa gulu na riƙewa amma ba ya jure bugu. Matsalar dalma guda ce: kana haɗa gaɓa ta biyu, ta farko na narkewa, saboda tagulla na kai zafi da sauri kuma tsakaninsu bai fi milimita 5 ba. A jiƙa auduga a naɗe gaɓar da aka gama, a manne sassan kan katako da salatif, a taɓa da bakin ƙarfen liƙi na daƙiƙa biyu a ɗauke.

Fallayen roba ban ga abin yabo sosai ba. Suna yin aikinsu: gangar bindiga falle uku ne na 0.5 a haɗe, na tsakiya a rage masa tsawo don ramin da jigida ke shiga, murfin sama kuma 0.25. Ba a yanke su har ƙasa, a ja layi da reza sau biyu a karya. Sai dai na 0.25 sun iso a lanƙwashe saboda zafin hanya, kuma da kyar suka miƙe ƙarƙashin littattafai. Robar yogot mai lamba 6 cikin alwatika a gindinta ita ma sitirin ce, tana maye gurbin siraran. Tsohon katin banki kuwa galibi wata roba ce daban, gam ɗin ba ya narkar da ita, a bar shi.

Gam ɗin ba manne abu yake ba, narkar da fuskokin roba biyu yake su zama ɗaya. Shi ya sa ba a shafa shi a kan sashe sannan a haɗa. A haɗa tukuna, a taɓa bakin burushi a gaɓar, shi zai bi tsagar da kansa. In yatsa na kusa, zai bi ƙarƙashinsa ya bar zanen yatsa a jikin robar. A nan garin saurin bushewarsa ya yi yawa: kwalba a buɗe da rana tana raguwa ana kallo, don haka a rufe bayan kowace taɓawa, a yi aiki da sassafe ko bayan isha'i, taga a buɗe saboda warinsa. Ba ya kama tagulla ko kaɗan. Inda roba ta haɗu da tagulla sufa gulu ne, a ɗauko shi da bakin allura. Shi kuma da laimar iska yake kamawa, saboda haka a lokacin hunturu sai ya yi ta jan jiki. A huro masa numfashi kaɗan. In ya yi yawa yana barin farin hazo a gefe.

Abin da ƙunshin ya rasa shi ne siririyar waya, kuma rabin kyan bindigar a nan yake. Tsohuwar wayar caji ta biya. A warware silin jan ƙarfe guda, a naɗe shi jikin allura, a yanke zobe ɗaya: da'irar saiti ke nan. Jigida ta fi cin rai. Harsashin 7.62 tsawonsa milimita 71 ne, wato 2 a wannan ma'auni, kaurinsa wajen 0.3. A yanka waya guntu-guntu, a jera kan siririn salatif, sama da 20 a kowace santimita, kawunansu a layi ɗaya. Jakar tamfol da ke tare kwanson harsashi kada ya tashi ya bugi farfelar wutsiya ana yin ta da takardar goge hannu da aka jiƙa da farin gam na kafinta, a matse ta ta yi tamoji kafin ta bushe. Masu harbin ƙofa a Biyetnam sukan ɗaura gwangwanin abinci a gefen bindiga don jigida ta hau kansa ta shiga ba sarƙewa. Guntun sandar roba na milimita 2 ya isa ya nuna shi.

Fenti ba ya son tagulla mai sheƙi. A goge ta da samfefa mai laushi, a wanke da alkol don cire man liƙi da maiƙon hannu, a yi siririyar shimfiɗar fenti ta farko, sannan baƙi marar ƙyalli. In ya bushe, a goga bakin fensir a takarda, a ɗebi garin da auduga a shafa a kusurwoyi, sai ƙarfe ya fito. Robar nan tana jan ƙura kamar maganaɗisu, musamman da hunturu, don haka da an ajiye burushi a kife kofin shayi a kai.

Wanda hanci ɗaya kawai yake so, allura da robar yogot sun ishe shi. Wanda zai yi mazauni, ko yake hangen bindigar M134 mai hanci shida, ya sayi bututun, amma ya nemi ƙarin 0.4 tun wajen oda: hanci shida na milimita 16 suna zagaye wani guntun bututu na bakwai a tsakiya daidai wa daida, kuma sanda guda ba ta isa gwaji uku in an yi kuskure.