Kafin ka sayi irin tomatilo: wanne ne zai yi maka a Kaduna?

Duk wanda ya taso yana yawo a gonaki da damina ya san matsarmama, ciyawar nan mai 'ya'ya a cikin 'yar riga kamar fitilar takarda. To, tomatilo yayanta ne. Asalinsa daga ƙasar Meksiko yake, inda ake niƙa shi da barkono da albasa a yi koriyar miya mai tsami-tsami da suke kira salsa verde. Dangi ɗaya suke da tumatir da attarugu da gauta, shi ya sa ƙasarmu ba ta yi masa baƙunta.

Irinsa kam da wuya ka same shi a Kasuwar Barci ko wurin masu irin kayan lambu na Kawo. Sai dai ka yi oda ta intanet, ko ka yi sautu wurin mai dawowa daga waje. Tunda kuɗi za ka kashe, gara ka san abin da kake nema.

Toma Verde shi ne kore, ɗansa bai wuce ƙwan kaza ba, kuma yana da saurin nuna: kwana 60 zuwa 70 bayan dashe ka fara tsinka. Ni dai shi nake ba wa sabon shiga shawara, don ba shi da rigima, kuma tsaminsa yana zama daidai a miya. Na taɓa haɗa shi da attarugu muka ci da gasasshen kifi, uwargida ta ɗanɗana ta ce, "Malam, ai wannan yakuwa ce ta sake kama." Rio Grande Verde ya fi shi girman 'ya'ya, amma sai ka ƙara haƙuri. Akwai na shunayya, kamar De Milpa, ƙanana ne, sun fi zaƙi, suna kuma daɗewa a ajiye ba su ruɓe ba, abin da ke da amfani ga mai fama da ɗaukewar wuta. Amarylla rawaya ne mai ɗan zaƙi. Kwalliya ce, idan kana da sarari.

Wanda aka rubuta wa Pineapple a jikin leda kuwa, ka duba da kyau. Sau da yawa ba tomatilo ba ne, wani ɗan uwansa ne mai ƙananan 'ya'ya da ake ci kamar kayan marmari.

Ga inda na sha ƙasa. Shekarar farko tushe ɗaya tal na dasa a bayan gida. Ya yi tsayi har ƙirjina, ya cika da fure rawaya, rigunan suka fito reras. Na matsa ɗaya, iska. Na matsa wani, iska. Ashe tomatilo ba ya ɗaukar ciki da garin furen kansa, dole sai da wani tushen a kusa, ƙudan zuma na kai da komo tsakaninsu. Don haka ko dashe wani zai ba ka, kada ka karɓi ƙasa da biyu. Uku sun fi.

Tukunya ko ƙasa? Mai fili ya shuka a ƙasa, ya bar tazarar kamar santimita 75 tsakani, ya kafa kara ya ɗaure, don rassan kwanciya suke yi. Mai gidan haya mai daɓen siminti kuma, bokitin fenti na lita 20 ya isa tushe ɗaya, a huda ƙasansa, a cakuɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen kashin shanu. Buhun shinkafa ma yana yi, sai dai rana na cinye shi kafin a gama girbi. Kada a cika kashin kaji, ganye kawai za ka noma.

Batun lokaci, na fi son yin reno a ƙarshen Satumba, in dasa a Oktoba, kamar yadda masu lambun rani na bakin Kogin Kaduna ke yi da tumatir. Ruwan Agusta yana ruɓar da saiwa, zafin Maris da Afrilu kuma yana zubar da fure.

Idan ɗan ya cika rigarsa har ta fara tsagewa, ya isa tsinka. Ka cire rigar, ka wanke danƙon da ke jikinsa kafin ya shiga turmi.