Ƙyallen rubutu da ruwa ko allo mai batir?

Maman Abba, tunda kin tambaya wanne zaki saya wa Abba, tsakanin ƙyallen nan da ake rubutu da ruwa da allo mai batir, ƙyallen zaki ɗauka kawai kada ma ki tsaya dogon tunani. Namu ƙanina ne ya taho mana dashi daga Kano, yanzu in an taso daga Islamiyya har yaran maƙwabta sai sun biyo ana rigimar waye zai fara. Autata a kansa ta iya alifi da ba, ta tsoma buroshi a kofin ruwa ta ja ya fito baƙi ƙirin, kafin ta gama zagaye gida tana nuna wa mutane ya bushe ya ɓace ta sake wani. Ba neman zuge ba neman ƙaro, ba wankin tawada a riga.

Kuma ba siddabaru bane kamar yadda wasu ke cewa. Ƙasan ƙyallen baƙi ne, sai aka shafe samansa da wani farin abu mai ƴan mitsi mitsin ƙofofi cike da iska, su ke warwatsa haske ki ganshi fari. Da ruwa ya shiga ya cike gurbin iskar sai haske ya ratsa baƙin ya bayyana, kamar dai farar riga in ruwan sama ya doke ta har singileti ake hangowa. Akwai ma wani fure a dazukan duwatsun Japan, Diphylleia grayi, fari ne tas amma ruwan sama na taɓa shi sai ya koma garau ana ganin bayansa, in ya bushe ya dawo fari, ikon Allah, irinsa masu bincike ke kwaikwayo. Ƴan Chaina kuwa da ƙyallen suke koyon rubutunsu na buroshi don kada a yi ta ɓarnar takarda.

Matsalarsa ɗaya baya ajiye rubutu, aikin gida na makaranta bazai yiwu a kai ba. Da hunturu nan wajenmu Gumel nan da nan yake shanyewa, da damina ne yake ɗan jimawa.

Mai batir ɗin kam yana rubutu, shikenan abinda zance. Namu zama ɗaya yaro yayi a kai ya tashi aiki, ga batirin nan mai kamar kwabo in yaro ya haɗiye sai asibiti da gudu.

Amma don Allah ki kula da masu sayarwa, akwai na takarda shara shara da suke cusa wa mutum a kuɗin na ƙyalle, yana shan ruwa zai fara saɓulewa. Duk wanda zaki aika yasa a ɗiga ruwa a gabansa ya tsaya har ya bushe, in ya bar shati ya ajiye musu kayansu. Masu cewa sai kin tura kuɗi tukunna a Facebook ma ki rabu dasu. In ya zo ruwa mai tsabta kawai, banda mai laka, banda sabulu, kuma a wanke wa Abba hannu in ya ci ƙosai don tabon mai baya fita.