Sharhi: ƙaramin injin tururi da ya biyo ni aiki Daura

Mai sha'awar ƙananan injinan tururi, idan aiki ya raba shi da gida, matsalarsa ita ce kayan wasan nasa ba sa son a yi tafiya da su. Nawa suna Zariya a kan tebur: Wilesco D10 ƙirar Jamus, da wani tsohon Mamod na Ingila. Ba abin da za ka cusa a jaka ka hau motar haya ba ne, balle Mamod ɗin, tunda kamfanin ya daina ƙira a 2024, duk abin da ya karye sai an sha nema. Shi ya sa da aka turo ni Daura na yi odar wani ƙarami ta intanet, ƙirar China, irin wanda ake aiko maka a warwatse ka haɗa da kanka. Na yi hunturu da shi, na yi bazara, yanzu ina ganin zan iya faɗin albarkacin bakina.

Tukunyarsa ta tagulla ce, ba ta fi ƙaramin gwangwanin madara ba. Akwai murhu a ƙarƙashinta, da bawul na sakin tururi a sama, da siririn bututu zuwa silinda, sai wili mai nauyi da ke riƙe juyi. Silindar irin mai lilo ce: ita kanta ke kaɗawa hagu da dama yayin da fistin, wato sandan da tururi ke turawa a cikinta, ke shiga da fita, ramin da ke jikinta ya dace da ramin shigar tururi, ta kaɗa kuma ya dace da na fita. Tsohuwar dabara ce, William Murdoch, ma'aikacin kamfanin Boulton da Watt, ya ƙera samfurinta tun 1785. Ga matafiyi wannan sauƙin ne riba, don babu wasu ƙananan sanduna da za su lanƙwashe a jaka.

Amma duk lafiyar irin wannan inji tana fuska guda, wato inda silinda ke gogar jikin ƙarfen da tururi ke fitowa, sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar nan mai matsewa ta saki, yana matse su. Nawa ya zo fuskar ba ta kwanta daidai ba. Ana hura wuta sai tururi ya riƙa tsartuwa ta gefe, wilin ya yi juyi biyu ya tsaya. Gyaran ba wuya: ka samu gutsuren gilashi, ka shimfiɗa samfefa mafi laushi a kai, ka ɗiga mai, ka riƙa murza fuskar a hankali kana zagayawa har ta yi sumul, babu tabo ko ɗaya. Sai dai wanda bai taɓa riƙe irin wannan inji ba zai ɗauka an sayar masa da mushe ne, kuma takardar bayanin da aka haɗo ba za ta cece shi ba, hotuna ne dusu-dusu. Washojin da suka zo da shi ma na roba ne marasa jure zafi, suka saki, tukunya ta fara yoyo a wuya. Wani mai gyaran risho da murhun gas a kasuwa ya zazzage gwangwaninsa ya zaɓo mini masu jure wuta. Ya juya tukunyar a hannu ya ce, "Malam, wannan shayin mutum nawa take dafawa?"

Abin da na yaba shi ne bawul ɗin. Yana buɗewa a kan kari, yana rufewa tsaf. Kada girman tukunyar ya ruɗe ka: ruwa idan ya zama tururi yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na inda yake, kuma a cikin rufaffiyar tukunya zafinsa yana wuce digiri 100. Wanda ya ɗaure bawul don injin ya ƙara gudu, fuskarsa ya sa a caca.

Tukunyar ba ta da tagar gilashi ta ganin ruwa irin ta Wilesco, wannan kuwa naƙasu ne babba. Da sirinji nake aunawa, in cika kashi biyu cikin uku, in bar wa tururi sauran. Ƙa'idar ita ce wuta ta mutu kafin ruwa ya ƙare. Tukunya ta bushe a kan wuta, liƙin jikinta ya narke, shi ke nan.

To, ga inda zaman baƙunta ke nuna kansa: ruwa. A gida ina da jarkar tataccen ruwa ajiye. A nan ruwan burtsatsen gidan da nake haya, leƙa cikin butar shayi kawai za ka yi ka ga farin ɓawon da yake bari. Wannan ɓawon idan ya kwanta a tukunya zafi ba ya ratsawa sosai, idan ya ɓare kuma ya toshe bututu. Fiya wata ba magani ba ne, an tace shi don sha, ba a cire masa gishirin ƙasa ba. Da damina ruwan sama ya wadatar, ka bar na farko ya wanke rufi, ka tari na baya, ka tace da kyalle. Da rani, kuma ranin Daura dogo ne, ina tarar ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ta ofis in tace. Masu cajin batir suna sayar da ruwa a kwalba, amma ka yi tambaya da kyau, don akwai mai asid a cikinsu, wanda zai cinye maka tukunya.

Makamashi ma haka. Waɗannan injina an saba hura su da farin ƙwayoyin nan irin na Esbit, waɗanda ake yi da sinadarin hekzamin. Ba a shiga jirgin sama da su, masu aiko da kaya ma ba sa son ɗauka, a Ingila kuwa tun Oktoba 2023 aka ƙuntata sayar da sinadarin ga jama'a. Don haka kar ka sa rai da su a Daura. Sifirit na kemis shi ne mafita, murhun injin kuwa yana karɓarsa, yana ci ba hayaƙi. Haɗarinsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: da rana harshen wutarsa ba ya ganuwa. Sai ka ɗauka ta mutu, ka miƙa kwalba za ka ƙara, alhali tana ci. Ni ba na ƙara sifirit sai na zare murhun, na kife masa murfi, ya huce har in iya riƙe shi. Man nan mai kauri da masu abincin biki ke kunnawa a ƙarƙashin kwanukan ɗumama abinci ma yana yi, ba ya zubewa, sai dai wutarsa ba ta kai ta sifirit kaifi ba, tukunya tana daɗewa kafin ta tafasa. Kananzir zai shafe maka komai da baƙi. Fetur kuwa ko a mafarki.

Mai iri biyu ake buƙata. Na keken ɗinki ya isa wa gindin wili, yana nan ko'ina. Na silinda dabam ne, mai kauri, wanda tururi ba ya wankewa, shi kam daga gida na taho da shi a 'yar kwalba, kuma ɗigo biyu ke yin zama guda.

Hunturu ya gwada mu ni da injin. Iska ba ta barin wuta ta tsaya ƙarƙashin tukunya, kuma murhun ba shi da kariya ta gefe, sai da na yanka gwangwani na yi masa katanga. Ƙura ta fi iska illa. Ta haɗu da mai a kan fuskar silinda sai ta zama abin gurza, ta ɓata aikin samfefar da ka yi. Ana gama wasa nake zuƙe ragowar ruwa da sirinji, in bar bakin tukunya a buɗe ta bushe da ɗuminta, in goge mai, in rufe shi a robar abinci mai murfi. A ɗaki rufe kuwa ba na kunnawa, a baranda nake yi bayan la'asar.

A barandar ne yaran gidan ke zagaye ni, har mai gidan ya fara jawo kujera. Ran nan ya ce, "Ɗana, wai da irin wannan ake jan jirgin ƙasa da?" Na ce, "Ƙwarai, Baba, sai dai nasu gawayin Inugu yake ci." Ba mamaki abin ya zama baƙo a nan. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, amma bai taɓa shigowa Daura ko birnin Katsina ba. Sai yanzu ake shimfiɗa na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ga kuma Jami'ar Sufuri a garin. Jiragen da za su bi shi ba na tururi ba ne, amma fistin da wili suna nan a cikin injina da yawa har yau, kuma yaron da ya ga silinda tana lilo da idonsa ya riga ɗan ajinsu fahimta.

Wajen tafiya ya ci jarrabawa. Robar tana shiga jakar goyo, tsumma a kewaye. Abu ɗaya: tukunyar tagulla da bututu a jiki tana jawo tambaya a shingen bincike, kuma ban ga laifin masu tambayar ba. Ina ajiye bidiyonsa yana juyi a waya, nuna shi ya fi dogon bayani saurin sallama. Sifirit kuwa ba na tafiya da shi, duk inda na sauka akwai kemis.

Wa ya kamata ya saya? Wanda ya riga ya san hannunsa, yake da haƙurin gyara, yake son abin da zai taɓa da yamma a garin da ba nasa ba. Ƙarfinsa kaɗan ne, ƙaramin dainamo ma da ƙyar yake ja, kuma kuɗin aikowa ya kusa kamo kuɗin injin. Sabon shiga gara ya tara kuɗi ya sayi mai tagar ruwa wanda aka haɗa aka gwada tun daga masana'anta. Yaro kuma kada a ba shi sai da babba a zaune. Idan ka yanke shawarar saye, ka haɗa odar da man silinda da washoji masu jure zafi da sifirin na sauyi, don su ukun nan ne za su ba ka wahalar nema a nan.