Motar da Aka Saukar Ta Fara Dukan Ƙasa: A Gyara ko a Canja?

Ɗan'uwa, tambayarka ta iso. Ka ce mai motar na farko ya saukar da ita da gajerun sifirin (murɗaɗɗun ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyi), kamar milimita 35 ƙasa da yadda ta fito daga kamfani. Yanzu gabanta yana yin "gwaf" a kowane rami, bayanta yana ta lilo in ta sauka daga tudu, kuɗin hannunka kuma ba su taka kara sun karya ba. Kana so ka ji wanne ya fi: a lallaɓa abin da ke jikinta, ko a cire a sa sabo.

Kada ka sayi komai tukuna sai an ɗaga motar an duba. Ƙara da lilo ba lallai ciwonsu ɗaya ba ne. Lilo aikin shok ne da ya mutu, wato abin da ke hana sifirin ci gaba da tsalle. Ƙarar "gwaf" kuwa sau da yawa daga ƙananan abubuwa take fitowa: sandar da ke haɗa sitabilaiza (ƙarfen da ke rage karkatar mota a kwana), boljoyin (gaɓar da ƙafar taya ke juyawa a kanta), bushin na lowa-am (robar da ke jikin hannun ƙasa mai riƙe taya), ko mazaunin shok na sama. Waɗannan su ne mafi araha a duk ƙafar mota. Mutum zai iya canja shok huɗu ya dawo gida da ƙararsa yadda ya fita da ita. Kuma kada ka dogara da danna mota da hannu ka ga ko za ta yi lilo. Sifirin ɗin saukarwa yana da tauri, yana iya rufa wa mataccen shok asiri. Ka leƙa jikin shok ɗin. Ɗan danshin mai kusa da bakinsa ba komai ba ne. Amma in mai ya gangaro har ƙasa, ƙura ta manne ta yi baƙi kamar an shafe shi da kwalta, wannan ya gama aiki. Ka shafa tayar ma: in ka ji tudu da kwari a jere a kan haƙoranta, tsalle take yi a kan titi.

To, a ce an tabbatar shok ne.

Gyaran shok ɗin da ke kai shi ne abin da ya fara zuwa ran mai ƙaramin ƙarfi, kuma a nan zan rage maka hanya. Yawancin shok da motoci ke fitowa da su a rufe suke ruf, ba a yi su don a buɗe ba. Huda shi a ɗura masa mai ba ya dawo da robar da ta cinye, ba ya dawo da iskar naitirojin da ta tsere. Zai yi kamar ya farfaɗo, bayan ɗan lokaci ya koma gidan jiya. Gyara na gaskiya sai a kan irin su Bilstein, Koni ko Öhlins, waɗanda ake iya kwancewa a canja musu roba da mai a sake cika su da iska. Saboda haka ka goge jikin naka ka karanta sunan. In mai motar na farko ya sa irin waɗannan, ka tsinci dami a kala, ka tambayi kuɗin gyara kafin ka yar. In na kamfani ne, ka manta da gyara.

Saura canji, kuma a nan ne ake rabuwa gida uku.

Na farko, ka bar gajerun sifirin ɗinka ka sa musu sabon shok na gama-gari, irin KYB Excel-G ko Monroe. Shi ne mafi sauƙi a ranar biya, kuma motar za ta yi daɗi da farko. Matsalarsa ita ce wadda ta kashe na yanzu. An ƙera shok ɗin ne don sandarsa ta zauna kusan tsakiyar tafiyarta in mota tana tsaye. Da aka sauke motar milimita 35, sai sandar ta nutse da kusan wannan tsawon tun kafin a motsa. Abin da ya rage mata na shiga ya ragu, ga shi an haɗa ta da sifirin da ya fi ƙarfin wanda aka auna ta da shi. Kowane rami sai ta kai maƙura. In saukarwar kaɗan ce, kamar milimita 20 zuwa 25, ana iya zama lafiya da shi. A 35 kuwa, ni dai ina ganin biya biyu ne: ka biya yau, ka sake biya ba da jimawa ba, har da ladan makanike sau biyu.

Na biyu, ka bar sifirin ɗin ka sa shok da aka yi wa motar da aka saukar. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na kamfanin Bilstein na Jamus: B6 na motar da ke tsayinta na asali ne, B8 kuma an gajarta shi musamman don gajeren sifirin. Koni Sport, mai launin ɗorawa, shi ma ana yawan haɗa shi da irin waɗannan sifirin, har ana iya murɗa shi a ƙara masa tauri ko a rage. Sun fi na gama-gari tsada, babu musu. Dabarar mai ƙaramin aljihu ita ce ba dole ka sayi huɗu rana ɗaya ba. Ka sayi biyu, na ɓangaren da ya fi mutuwa, gaba ko baya, sauran biyun su jira. Abin da ba a yi shi ne canja ɗaya a bar ɗan'uwansa na ɗaya gefen. Motar za ta riƙa karkata a kwana da wajen taka birki. Wannan hanyar ita nake zaɓa maka in har kana son motar a ƙasa, da sharaɗin sifirin ɗin na kirki ne, irin Eibach ko H&R. In ka tarar na kamfani ne aka datse da injin yanka, ko aka gasa da wuta don ya lanƙwashe, kada ka ɓata sabon shok a kansa. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfe, datsattsen sifirin kuma yana iya ficewa daga mazauninsa in tayar ta saki ƙasa.

Na uku shi ne wanda ya fi jan ido: koiloba mai araha, wato shok da sifirin a haɗe, da zare a jiki da ake murɗawa a ɗaga ko a sauke. Saiti ɗaya, ƙafa huɗu, sau da yawa kuɗinsa bai kai na Bilstein biyu ba. Yana da amfaninsa, tunda za ka iya ɗan ɗaga motar. Amma araha ba ta ado. Marasa suna sukan zo da sifirin mai taurin tsiya da shok ɗin da bai iya riƙe shi ba, zaren yana tsatsa ya ƙi murɗuwa, in ɗaya ya fara yoyo kuma samun kayan gyaransa aiki ne. Koiloba na kirki, irin KW, ya fi ƙarfin maganar da muke yi.

Akwai wata hanya da masu son ganin mota a ƙasa ba sa son ji: a mayar da ita tsayinta. Sifirin na kamfani, ko na hannu ne, yakan daɗe bai lalace ba in babu tsatsa ko tsagewa, sai a haɗa shi da sabon shok na gama-gari, kowa ya koma gurbinsa. In motar nan ita ce ƙafarka ta kullum, kuma kuɗin B8 ba su samu ba, wannan ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Shok na hannu dai ban ba ka shawara ba, don ba a ganin cikinsa.

Duk wadda ka ɗauka, akwai ƙananan abubuwa da ake mantawa. A jikin sandar shok, ƙarƙashin robar da ke kare ƙura, akwai wani soso mai tauri da ke tare duka in tafiyar ta ƙare. A motar da aka saukar yana shan wahala fiye da kowa. In ka ciro tsoho za ka ga yana marmashewa a tafin hannunka, wani lokaci ma babu shi, sai garinsa. Ka sa sabo, gajere wanda ya dace da saukarwar, tare da mazaunin sama, tunda an riga an kwance. Matse sifirin kuma ba wasa ba ne, sai da abin matsewa na gaske. In ya kuɓuce yana iya karya ƙashi.

Sai abin da za ka tsaya a kan makanike ya yi a gabanka. Notunan da ke riƙe bushin na roba ba a ɗaure su tamau mota tana rataye a kan jak. Sai an sauke ta, nauyinta ya hau tayoyi, sannan a ƙulle. In an ɗaure a sama, da an sauke motar robar za ta murɗe ta zauna a haka, sabon bushin ya tsage da wuri. Bayan an gama, a kai ta saitin ƙafa. In an sa sabon sifirin, ka ɗan yi yawo da ita kwana biyu ya zauna kafin a saita, ka ce su duba gefen tayoyin na ciki, don nan ne motar da aka saukar take fara cinyewa.