Ƙaramin Injin Ƙyanƙyasa Mai Ɗaukar Ƙwai 56: Abin da Mai Saye Ya Kamata Ya Sani

Ƙaramin injin roba na ƙyanƙyasar ƙwai da ake shigo da shi daga ƙasar Sin ya yawaita a hannun masu kiwon kaji a gida, kuma bayan na yi aiki da shi a damina da hunturu, na gamsu cewa yana da amfani, amma bai kai a miƙa masa amana gaba ɗaya ba.

Wajen juya ƙwai ba ni da ƙorafi, domin yana yin hakan da kansa a kan lokaci, fankarsa kuma tana raba zafi daidai gwargwado. Matsalar tana ga ma'auninsa. Ƙwan kaza yana buƙatar zafin digiri 37.5 a ma'aunin Celsius na tsawon kwana 21, amma lambar da allon injin yake nunawa ba koyaushe take dacewa da abin da ke ciki ba, kuma idan zafin ya haura, 'yan tsaki sukan fito kafin lokaci da cibiya a buɗe ko ƙafafu a karkace. Saboda haka ina ganin wajibi ne a ajiye wani ma'aunin zafi na daban a tsakanin ƙwayayen.

Inda ya fi ba ni takaici shi ne danshi. A kwana 18 na farko ana son kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari, a kwana ukun ƙarshe kuma, bayan an daina juyawa, a ɗaga shi zuwa kashi 65 ko 70. Mazubin ruwansa ya yi ƙanƙanta ga iskar hunturu, wadda take shanye ruwan cikin sauri, sai tantanin da ke cikin ɓawon ya bushe ya manne wa ɗan tsako, ya fasa ƙwai da bakinsa amma ya kasa fitowa har ya mutu a ciki. Sanya jiƙaƙƙen soso yana taimakawa sosai, haka ma ƙin buɗe murfi a waɗannan kwanaki na ƙarshe, ko da kukan tsakin yana taɓa zuciya.

Jikinsa ba ya riƙe ɗumi idan an ɗauke wuta, don haka wanda ba shi da batir mai ƙarfin volt 12 ko sola, gara ya bar wa kazarsa kwanci.

Adalci ne kuma a faɗi cewa ba kowane baragurbi ne laifin inji ba. Ƙwan gidan gona da ake sayarwa a kiret yawanci ba shi da zakara, wanda ya wuce mako guda a ajiye kuma ƙarfinsa yana raguwa. A haska ƙwai da tocila a rana ta bakwai zuwa ta goma, a fitar da duk wanda ba a ga jijiyoyin jini a cikinsa ba, kafin ya ruɓe ya fashe ya ɓata sauran.