Patar leda ko mai ƙusa: wacce za a sa wa ƙaramin jirgin rimot?

Masu harhaɗa ƙananan jiragen rimot a Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, sun san inda gardama take: patar da ke riƙe leɓen fiffike da na wutsiya, wato ɓangarorin da ke motsi don sarrafa jirgin. In ta saki a sama, jirgi ya tafi ke nan.

Patar leda mai gashi-gashi ba ta da wuya. Ka tsaga katakon balsa, mara nauyin nan da ake yin jirgin da shi, da reza, ka zura rabinta, ka ɗiga sufa gulu mai ruwa-ruwa, ta tsotse. Amma da damina laimar Kumasi kan sa gam ɗin kamawa da wuri, kwalbar da aka buɗe ma ba ta jimawa. Kuma sufa gulun yana narkar da farin soson nan na kwalin firiji, in da shi aka yi jirgin.

Mai ƙusa a tsakiya sai da gam mai haɗi biyu, irin Araldite. Shafa basilin a gaɓar tukuna, saboda in gam ya shiga, za ta sandare. Bayan ya bushe, huda ka soka tsinken sakace ya ratsa katako da pata.

Ni dai, jirgi mai inji da jijjiga, mai ƙusa nake sa masa ko da za ta cinye mini yini.