NAS ko faifan waje? Malam ɗauki NAS kawai

Malam ka ce ofis ne na mutum takwas, kana tsakanin faifan waje mai 4TB ɗin nan da ake jonawa ta USB da ƙaramin NAS, wato akwatin ajiyar fayiloli da ake jonawa a netwok, mai ramin faifai biyu. Ɗauki NAS. Ni dai a nan na gama magana, sauran labari ne, amma tunda ka tambaya bari ka sha labarin.

Nawa na kamfanin Synology ne ɗan ƙarami, faifai biyu a ciki na haɗa su RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya yana kan ɗayan. Yana can saman kabad yana ɗan gurnaninsa, ba wanda ya san da zamansa a ofis daga ni sai mai shara. Ranar da na san na yi sayayya wata Litinin ce da safe, ko jakata ban ajiye ba akanta ta shigo tana oga zo ka gani, Excel ɗina ya ƙi buɗewa. Ina zuwa na ga kowane fayil an liƙa masa wata jela a bayan suna, kowace folda kuma da ƴar wasiƙa a ciki ana bayanin yadda za a biya kuɗin fansa da Bitcoin. Ashe tun Juma'a da yamma ta buɗe wani abu da aka maƙala mata a imel wai rasit ne, ta bar kwamfutar a kunne ta tafi gida, abin ya kwana uku yana cin karensa ba babbaka, ya gama da nata ya bi netwok ya shiga foldar da kowa ke aiki a ciki, albashi, kwangiloli, takardun haraji, duk ya yi garkuwa da su. Baiwar Allah har hawaye ta fara, shi kuma manaja yana tsaye a kaina yana to yanzu ya za a yi, yanzu ya za a yi, kamar ni na turo imel ɗin.

Na zare mata wayar netwok, na shiga NAS ɗin ta kwamfutata, na buɗe jerin sinafshot, wato hoton yadda fayiloli suke a wani lokaci wanda ake iya komawa gare shi. Duk awa ɗaya na sa yake ɗauka, yana riƙe na mako guda, sannan na kullum ɗaya har wata ɗaya. Na zaɓi na Juma'a ƙarfe huɗu, na danna a dawo da shi, kafin manaja ya gama wayar da yake yi komai ya koma mazauninsa. Abin da muka rasa bai wuce aikin rabin awa ba. Wallahi ranar har shafa akwatin nan na yi, na kuma goge masa ƙura.

Ka lura fa, ba RAID ɗin ne ya cece mu ba, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa har da wasu ƴan'uwanmu na aiki. RAID 1 bawan Allah ne mai biyayya, da aka kulle fayilolin shi ma tsaf ya kwafe kulallun a faifai na biyu, ko ka goge folda bisa kuskure haka zai goge ta a duka biyun. Amfaninsa ɗaya ne, in faifai ɗaya ya mutu aiki ba ya tsayawa, ka zare ka sa sabo. Sinafshot shi ne maganin, saboda Btrfs, tsarin da NAS ɗin ke jera fayiloli da shi, ba ya rubutu a kan tsohon bayani, sabon wuri yake nema ya rubuta canjin, tsohon yana nan a kulle, kwamfutar da ke kan netwok ba ta da ikon taɓa shi, shi ya sa ma ba ya cin wuri sosai sai gwargwadon abin da ya canza. Don haka kafin ka biya ka tabbatar samfurin da za ka ɗauka yana yin Btrfs, ba duka ƙananan ne ke yi ba, ka kuma duba jerin faifan da kamfanin ya ce suna tafiya da shi.

Faifan waje kuwa, to, yana aiki, ba zan ce ba ya aiki ba. Na taɓa sayen ɗaya ina ganin na yi dabara, wata rana gwiwar hannuna ta ture shi daga tebur yana cikin kwafi, tun daga nan sai ƙas-ƙas-ƙas yake yi, shi ke nan. In ka bar shi a jone kullum masu garkuwa su haɗa da shi, in ka ce za a riƙa jonawa duk sati wanda aka ɗora wa aikin zai yi sati uku ya manta. Gurbinsa ɗaya a wurina, kwafi na uku. Ka san ƙa'idar nan ta 3-2-1, kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya ba a cikin ginin ba, to ka jona shi a bayan NAS ya kwashe, ka zare ka tafi da shi wani wuri, don gobara da ɓarawo ba ruwansu da sinafshot.

In kana da tsohuwar kwamfuta a ajiye wani zai ce maka ka mayar da ita NAS, ka sa mata manhajar TrueNAS da tsarin fayiloli na ZFS, kyauta ne kuma yana da kyau ƙwarai, ni ma ina wasa da shi a gida. Amma a ofis ka fara tambayar kanka wa zai duba shi ranar da ka tafi hutu.

Sai abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi damuna, masu sayar da faifai. Akwatin NAS ba kasafai ake cuta a kansa ba, a faifan ake yanka mutum. Akwai masu kwaso waɗanda suka yi shekaru suna juyawa dare da rana a ɗakunan saba, su goge, su sa sabuwar leda da sitika su ce maka sabo ne dal, har da rantsuwa. Kar ka yarda da leda. Ka jona shi ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka duba layin awannin da ya yi a kunne da layin sassan da suka lalace aka musanya, sabo ya kamata ka ga kusan sifili. Kuma ko sifilin ka gani kar ka saki jiki, don ana iya goge wannan lissafin na lafiyar faifai da ake kira SMART, a farkon 2025 an gano ana sayar wa mutane tsofaffin faifan Seagate a matsayin sababbi ta wannan hanyar, abin da ya tona asirin shi ne wani lissafi na biyu da faifan ke riƙewa mai suna FARM, da manhajar smartctl ake karanta shi, sai ka ga SMART na cewa jiya aka haife shi FARM na nuna dubban awanni. Ka ɗauki lambar siriyal ka sa a shafin garanti na kamfanin da ya ƙera, in mai kaya ya fara ai oga ba sai an buɗe ba, ko ya ce in ka yage leda ka saya, ka yi masa sallama.

Na waje ma nasu salon daban ne, kwali ya ce terabait kaza, a ciki ɗan katin ajiya ne aka yi wa dabara yake ƙaryar girma, za ka ga yana karɓar kaya lafiya lau, sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar fanko. Shirin gwajin faifai mai suna H2testw na kama wannan, yana cika faifan ne kaf sannan ya karanta, yana ɗaukar lokaci amma ka bar shi ya kwana yana yi. In ka ga farashi ya faɗi ƙasa warwas ka tuna araha ba ta ado. Amma kar ka je ka yi faɗa da mutum don 4TB ya nuna maka 3.63 a Windows, wannan ba cuta ba ce, masu ƙerawa da 1000 suke lissafi shi kuma da 1024.

Wajen zaɓen faifan ka nemi CMR, ka guji SMR, salo biyu ne na yadda ake rubutu a kan faifai. SMR yana jera layukan rubutu ne wani na hawa kan wani, a ajiya ta yau da kullum ba laifi, amma ranar da ka canza faifai RAID na sake gina kansa zai yi ta jan ƙafa, wani lokaci ma a fitar da shi daga haɗin. A 2020 aka yi ta cece-kuce da aka gano wasu faifan WD Red na SMR ne, daga baya kamfanin ya ware na CMR ya kira su Red Plus. Ka karanta lambar samfurin da idonka, kar ka tsaya a kalar sitika.

In ya iso kuma don Allah kar ka buɗe masa ƙofa a rauta wai don oga ya riƙa shiga daga gida. A 2022 wani ƙwaron garkuwa da fayiloli mai suna DeadBolt ya bi akwatunan NAS na kamfanin QNAP da ke leƙe a intanet ya kulle su da yawa. Kashe UPnP, saitin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa a rauta, in ana son shiga daga nesa a bi ta rufaffiyar hanya irin ta WireGuard ko Tailscale. Rufe asusun admin da ya zo da shi, ka buɗe naka da tabbaci mataki biyu, kuma kalmar sirrinsa kar ta zama irin wadda kake shiga kwamfutocin ofis da ita. SMB1, tsohuwar hanyar raba fayiloli ta Windows, ita ma ka kashe, ta nan ƙwaron garkuwar nan WannaCry ya bi a watan Mayun 2017 har ya tsayar da asibitoci a Ingila, alhali Microsoft ta fitar da gyaran tun watan Maris. Ka haɗa masa ƙaramin UPS mai wayar USB yadda in wuta ta ɗauke zai kashe kansa a hankali.

Ranar farko da ka gama saiti ka goge wata folda da gangan ka gwada dawo da ita, agogo a hannu, ni duk farkon wata nake yi. Turo min lambar samfurin NAS ɗin da ta faifan kafin ka biya in duba maka.